Dutsen da ya faɗo daga sama: wa zai ba mutanen Magarya da Dungas labarinsa da Hausa?

Ranar 16 ga watan Yuli na 2025, a birnin Niyok na ƙasar Amurka, kamfanin gwanjo na Sotheby's ya kaɗa ƙararrawa a kan wani dutse ja-ja mai nauyin kilo 24 da ɗoriya. Da aka haɗa da la'ada, kuɗinsa ya tashi miliyan 5 da dubu 300 na dalar Amurka, wato kusan miliyar uku na kuɗinmu na sefa. A jahar Agadas aka tsinci dutsen cikin watan Nuwamba na 2023. Da labari ya iso Yamai, hukuma ta buɗe bincike don ta san ta wace ƙofa ya fita, ta kuma dakatar da fitar da irin waɗannan duwatsu daga ƙasa.

Ɗan kasuwa da ya ji wannan lissafi, tambaya guda zai yi: me mai sayen ya saya? Babu zinariya a cikin dutsen, babu lu'ulu'u. Abin da ya ba shi daraja shi ne saninsa da aka yi. Masana sun auna shi sun tabbatar ɓallin duniyar Maris ne, wadda malaman falaki ke kira Mirrihu, kuma shi ne mafi girma daga cikin ɓallayenta da aka taɓa samu a bayan ƙasa. Duk wanda ya taɓa zama a rumfa ya san mai jahiltar darajar haja shi ke sayar da ita da araha.

Kada mai karatu ya ɗauka abin na mutanen hamada ne kaɗai. A cikin 2004 wasu duwatsu masu nauyin kilo huɗu da wani abu sun faɗo a yankin Maigatari, a bakin iyaka, daura da ƙasar Dungas, kuma da sunan Maigatari aka rubuta su a kundin masana na duniya. Irin waɗannan duwatsu sun kai shekara miliyar huɗu da rabi, sun girmi kowane dutse da ƙafar mutum ta taɓa takawa a doron ƙasa. Can baya kuma, ranar 3 ga Oktoba na 1962, wani dutse mai kilo 18 ya faɗo a wata gona a Zagami ta ƙasar Katsina, kusa da manomin da ke korar tsuntsaye. Shi ma na Maris ne. An gane haka domin iskar da ke daskare a cikinsa ta yi daidai da wadda kumbon Viking ya auna a can a 1976. A 1996 aka manna wani ɗan ƙaramin gutsurensa a jikin wani kumbo na Amurka aka mayar da shi wajen da ya fito. Dutsen Katsina ya je Maris, amma labarinsa bai iso kasuwar Magarya ba.

Wurin da ake ba da irin wannan labari

A ƙasashe da dama akwai al'adar da masani ke fitowa daga ɗakin bincikensa, ya tsaya gaban jama'ar gari, ya yi musu bayanin abin da ya sani da harshen da suke ji, sannan ya zauna a yi masa tambaya. Shi ne ake kira lacca ta jama'a. Babu rajista, babu jarrabawa, babu takardar shaida. A Landan an soma laccocin ƙarshen shekara na matasa tun 1825, Michael Faraday, ɗan maƙeri da ya zama uban ilimin lantarki, shi ya ɗaukaka su, kuma har yau ana yi. A Paris, cikin shekarar 2000, an yi lacca 366, kowace rana guda, tun daga asalin rai har zuwa taurari. Ma'aikatanmu da suka yi karatu da Faransanci ba su manta da Hubert Reeves ba, dattijon nan mai farin gemu da ya rasu a 2023, wanda ya shafe rayuwarsa yana ba talakawa tarihin sama kamar mai tatsuniya. Kusa da mu, a Senigal, Maram Kaire da abokansa sun ɗora madubin hangen nesa a mota a 2015 suka zaga garuruwa suna nuna wa mutane wata da taurari.

Mu ma ba baƙin abin ba ne, mantuwa ce ta same mu. Tun 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo a Nijar, inda mutanen ƙauye ke taruwa su saurari shiri, su yi muhawara, a ɗauki muryarsu a mayar gidan rediyo. A Zariya, Abubakar Imam da Rupert East sun fitar da littafin Ikon Allah a 1949, wanda ya yi bayanin halittu iri-iri da Hausa tsantsa, ya nuna harshen bai gaza ɗaukar wannan kaya ba. Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929, masanin kimiyyar hasken rana wanda Jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya rubuta tun 1964 cewa ilimi ba zai kama ƙasa a Afirka ba sai da harsunan mutanenta. A Damagaram aka buɗe lakwal ta farko ta gwajin koyarwa da Hausa a 1973. A cikin Maris na 2025 kuma dokar ƙasa ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. To, harshen da aka yi wa wannan naɗi, ashe bai kamata a ji shi yana faɗin shekarun duniya ba?

Gundumomin Magarya da Dungas, waɗanda aka raba a 2011, sun haura mutum dubu 900 a ƙidayar 2012, suna cikin yankunan da suka fi cunkoson jama'a a ƙasar nan. Mutane ne masu son sauraro. Wanda ya ga taron tafsiri cikin azumi, ko ya ga yadda ake kewaye rediyo a tasha, ya san kunne ba shi ne ya yi ƙaranci ba.

Daga Damagaram zuwa tashar Magarya

Me mai lacca zai faɗa in ya tsaya? Zai iya farawa da abin da kowa ya sani. Kaza da ƴaƴanta, taurarin nan da manoma ke duba lokaci da su, haskensu na tafiyar kilomita dubu 300 a kowace daƙiƙa, amma duk da wannan gudu sai ya yi wajen shekara 440 kafin ya iso idonmu. Hasken da muke gani a daren yau ya baro can tun kafin a kafa sarautar Damagaram da fiye da shekara ɗari. Na rana minti takwas yake yi a hanya. Ke nan duk mai kallon sama abin da ya wuce yake kallo, kuma gwargwadon nisan da ya hango, gwargwadon daɗewar zamanin da ya leƙa.

Ranarmu tauraro ce guda cikin wani garke mai taurari fiye da miliyar ɗari. Farin zanen nan mai kama da hanya da ke ratsa sama a daren da babu wata, gefen garken ne muke gani daga ciki. Garkunan kuma ba su ƙidayuwa. A 1927 wani limamin coci ɗan Beljiyam, Georges Lemaître, ya lissafa cewa sararin da ke tsakanin garkunan ƙaruwa yake yi, a 1929 Edwin Hubble ya auna ya ga lalle suna nisantar juna. In abu yana buɗewa, to a da a tsuke yake. Da aka bi sawun lissafin baya, sai aka isa wani lokaci, shekara miliyar 13 da miliyan 800 da suka wuce, da komai ke dunƙule cikin zafin da ba ya misaltuwa. A 1965 wasu masana biyu a Amurka suka ba da labarin wani shuu da ya dami na'urarsu ta kowace fuska ta sama, ashe sauran ɗumin wancan lokaci ne. Wani ɗan kaso na yayyafin da tsohuwar talabijin ke yi in tasha ta ɗauke, daga nan yake.

A farko iska biyu ne kawai marasa nauyi. Sauran abubuwa a cikin taurari aka dafa su, taurarin suka tsufa suka tarwatse, ƙurarsu ta sake haɗuwa ta zama rana da duniyoyinta. Ƙarfen hauya da ƙarfen da ke cikin jinin mai riƙe da ita duk daga wannan maƙera suka fito, haka ma uraniyom na Arlit. Wani abin sha'awa, da uraniyom ɗin aka auna shekarun duniya. Yana rikiɗa ya koma dalma a kan wani ƙa'idajjen lokaci da zafi ko sanyi ba su canzawa, don haka in an auna yawan wanda ya rage da yawan dalmar da ta taru, an san daɗewar dutse. Da wannan dabara Clair Patterson ya auna duwatsun sama a 1956 ya sami shekara miliyar huɗu da rabi. Uraniyom da dutsen sama, ma'aunai biyu na shekarun duniya, duka kayan ƙasarmu ne.

Irin waɗannan lambobi ba su zama a ka. Mu shimfiɗa su a kan hanyar da direbobi suka sani, daga Damagaram zuwa Magarya, wajen kilomita 90. Mu ce tashin mota daga Damagaram shi ne farkon buɗewar sarari, isowa tashar Magarya kuma shi ne yau. Sai an ci kashi biyu cikin uku na hanya, saura kilomita 30, sannan rana da duniya za su bayyana. Saura kilomita 23 za a ga alamun rai na farko, ƙwayoyin da ido ba ya gani, kuma su kaɗai za su riƙe hanya har a kusa shiga gari. Manyan dabbobin da aka tono ƙasusuwansu a Gadufawa sai saura mita 700. Mutum irinmu, wanda mafi tsufan ƙasusuwansa da aka samu a Maroko suka kai shekara dubu 300, sai saura taki biyu mota ta tsaya. Noman hatsi bai wuce faɗin yatsa biyu ba. Sarautar Damagaram tun daga Malam Yunus har yau ba ta fi kaurin ƙwayar hatsi guda ba.

Abin da ke ƙarƙashin gona

Wani zai ce wannan duk hira ce, me za ta ƙara wa buhun gyaɗa? Sai a gangaro ƙasa. Jigawar da ake noma a kanta daga Magarya har Kano tsofaffin tuddan rairayi ne na hamada, waɗanda iska ta tara a wani zamanin fari mai tsanani wajen shekara dubu 20 da suka wuce, daga baya ruwa ya dawo ciyawa ta ɗaure su. Wani Bature masanin ƙasa, A. T. Grove, ya yi rubutu a kansu a 1958. Manomin da ya san gonarsa hamada ce da ta yi barci, zai fahimci dalilin da ya sa take tashi in an sare itace. Mutanen Magarya da Matamai da Mirya sun riga sun nuna sun gane haka a aikace, tun da su ne suka bar gawo ya sake tsira a gonaki bayan farin 1984, har binciken da aka yi a 2006 ya ƙiyasta abin ya kai wajen eka miliyan guda.

Haka zancen ruwa. Manyan duwatsun da ke tsaye a Birnin Damagaram narkakken dutse ne da ya daskare a cikin ƙasa wajen shekara miliyan 300 da suka wuce, kuma irinsa ba ya riƙe ruwa sai a tsaga. Shi ya sa babban birni ya daɗe yana fama da ƙishirwa ana jawo masa ruwa daga nesa, alhali a fadamun Korama, inda rairayi ya yi kauri, mai rake na haƙa kaɗan ya tarar. Ma'aikacin da zai sa hannu a kan takardar haƙa rijiya ta miliyoyin sefa, da ɗan kasuwar da zai ci kwangilar, dukansu suna da bukatar wannan tarihi. Man Agadem da ake tacewa a matatar SORAZ tun 2011, shi ma ragowar ƙananan halittun ruwa ne da laka ta binne a zamanin da teku da tafkuna suka rufe gabashin ƙasar nan.

Su kuwa ƙasusuwa, Nijar na cikin ƙasashen da suka fi kowa arzikinsu a Afirka. A Gadufawa, cikin Tenere, Bafaranshe Philippe Taquet ya yi aiki tun shekarun 1960, ya fito da dinozor ɗin da ya sa wa suna Ouranosaurus nigeriensis a 1976. A nan aka sami kadan nan Sarcosuchus, mai tsawon mita tara ko fiye, wanda ya rayu wajen shekara miliyan 110 da suka wuce, lokacin da wurin ke cike da koguna. Paul Sereno na Jami'ar Shikago ya biyo baya daga shekarun 1990. Shi ya bayyana Nigersaurus a 1999, mai haƙora fiye da 500 da baki mai faɗi kamar shebur, da Jobaria na yankin Ingal, wanda ya ci sunan Jobar, wata dabba ta tatsuniyar Buzaye, domin makiyaya sun daɗe da sanin ƙasusuwan kafin wani baƙo ya zo. A 2000 ayarinsa ya yi kiciɓis da maƙabartar Gobero, mai kabari wajen 200 na mutanen da suka zauna bakin wani tafki tun kusan shekara dubu goma, suna kamun giwan ruwa inda yau babu ko ɗigo. Yaron lakwal a Shikago ya san sunan Nigersaurus. Namu na Wacha ko Malawa, in bai taɓa zuwa gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai ba, sai dai in wani mushe mai himma ya ambata masa.

A nan ya kamata a raba wasu abubuwa biyu da ake gwamawa. Gatarin aradu da ake tsinta a gona, ana cewa tsawa ce ta jefo shi, ba daga sama ya zo ba. Gatari ne na dutse da mutanen da suka wasa da hannunsu tun kafin a san ƙira. Dutsen sama na gaskiya yakan yi nauyi fiye da girmansa, da baƙar fata kamar an babbaka shi, kuma galibi maganaɗisu na kama shi.

Shibra, nibakin da amosanin jini

Zancen sauyawar halittu shi ne wanda ake jin tsoron taɓawa, alhali shi ne manomi ya fi kowa gani da ido. Hatsin da muke ci, kakansa ciyawar daji ce mai ƙaramar zangarniya da ke kakkaɓe ƴaƴanta da kanta. Mutanen Sahel suka yi ta zaɓen wadda ta fi tsawo, wadda ba ta zubewa, suna ajiye ta iri, shekara bayan shekara. Mafi tsufan hatsin gida da aka tono, a kwarin Tilemsi na Mali, ya kai wajen shekara 4500. Ciyawar dajin na nan har yanzu, tana kuma barbara da na gida, abin da ke fitowa tsakaninsu shi ne shibra. Kalmar nan tamu ta shiga littattafan masana na duniya yadda take, domin ba su sami wadda ta fi ta ba.

Abin bai tsaya a zamanin da ba. A 1976 masu bincike sun tattara irin hatsi a garuruwan Nijar suka adana. A 2003 aka koma garuruwa 79 daga cikinsu aka sake karɓo iri, aka shuka na da da na yanzu gefe da gefe. Sakamakon da aka buga a 2011 ya nuna na 2003 ya fi saurin fitar da kai, zangarniyarsa ta ɗan rage tsawo, ko da yake sunayen irin ba su canza ba. Shekarun fari ne suka yi tankaɗe da rairaya: wanda ya nuna da wuri ya ba da iri, mai nawa ruwa ya ɗauke ya bar shi. Abin da Charles Darwin ya bayyana a 1859 ke nan, ba ƙari. Ƴaƴa ba su fitowa daidai da juna, wasu sun fi dacewa da halin da ake ciki, su ke barin zuriya, in zamani ya yi tsawo sai zuriyar ta bambanta da kakanninta.

Wanda bai yarda da shaidar gona ba, ga ta gidan likita. Manya sun tuna lokacin da nibakin ke kashe zazzaɓin cizon sauro cikin kwana uku. Ƙwayoyin cutar da suka jure masa su suka rayu suka hayayyafa, har ya zama ba ya aiki, Nijar ta canza magani a 2005. Duk wanda ya sha rabin magani ya ajiye saura don ya ji sauƙi, da mai sayar da ƙwaya ɗai-ɗai a tire cikin rana, suna taya cutar wannan tankaɗe ba da saninsu ba. A yankin da ɗakin yara na asibitin Magarya ke cika maƙil kowace damina, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Sauro ma haka yake yi da maganin da ke jikin gidan sauro.

Amosanin jini, wanda wasu ke kira sikila, ya fi kowanne ban tausayi. Tun 1954 aka gano cewa wanda ya gaji ƙwayar daga mahaifi guda kawai yana samun kariya daga zazzaɓi mai tsanani, shi ya sa ta yawaita a ƙasashen sauro. Amma in uwa da uba duka suna ɗauke da ita, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na haifar da mai ciwon. Iyalin da aka yi wa wannan bayani ba za su zargi kishiya ko maye ba, kuma za su san amfanin awon jini kafin a kai kuɗin aure.

Inda maganar ke da ƙaya

Ba a ɓoye wa juna: inda hankali ke tashi shi ne in an zo kan mutum. A watan Yuli na 2001, a hamadar Jurab ta Cadi, wani ɗan ƙasar, Ahounta Djimdoumalbaye, da ke aiki cikin ayarin Michel Brunet, ya tsinci ƙoƙon kan da aka sa wa suna Tumai, mai wajen shekara miliyan bakwai. Masana na sa shi kusa da tushen reshen da mutum ya fito, ko da yake suna ta jayayya a kan ko da ƙafa biyu yake tafiya. Ba su ce biri ya haifi mutum ba, kamar yadda ake yaɗawa a bakin kasuwa. Cewa suka yi jikin mutum da na manyan birai suna komawa ga asali guda mai nisa, kuma suna kafa hujja da ƙashi da awon jini. Malaman addini da yawa ba su karɓi wannan ba game da Annabi Adamu, wasu kuma sun rarrabe tsakanin sauyawar dabbobi da tsirrai, wadda ba su ga laifinta ba, da halittar mutum. Mai lacca na gari zai faɗi abin da aka tono, da yadda aka auna shi, da inda masana suka saɓa, ya tsaya nan. Awo ba ya amsa tambayar wane ne ya yi, ko don me aka yi. Wanda ya hau teburi don ya yi wa imanin mutane ba'a ya ɓata aikin, kuma a ganina shi da mai hana a yi maganar sam ɓarnarsu guda ce.

Duban sama da lissafinta kuwa gadon malamanmu ne. Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsine masanin hisabi da taurari, ya yi suna har Alƙahira, inda ya rasu a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, wanda shi ma masanin falaki ne. Har yau akwai malaman zaure da ke lissafa manzilolin wata 28 su gaya wa manomi lokacin shuka. Ibn Haldun, a ƙarni na 14, ya yi magana a kan yadda halittu ke hawa daraja-daraja daga ma'adinai zuwa tsirrai zuwa dabbobi, ko da yake nufinsa ba daidai yake da na Darwin ba. Ranar da ɗan Manzon Allah, Ibrahim, ya rasu, rana ta yi husufi, mutane suka ce don mutuwarsa ne, Manzo (SAW) ya gyara musu cewa rana da wata ayoyi ne, ba su kisfewa don mutuwar wani ko rayuwarsa.

Inda aka bar fili babu bayani, wani ne ke shigowa da nasa. A watan Janairu na 2001, da wata ya yi zazzaɓi, matasa a Maiduguri sun fita sun ƙona otal-otal da mashaya, suna cewa zunubin masu su ne ya jawo. A 2009 Muhammad Yusuf, shugaban ƙungiyar da aka fi sani da Boko Haram, ya gaya wa BBC cewa bai yarda duniya ƙwallo ce ba, bai kuma yarda ruwan sama daga tururin da rana ke ɗagawa yake ba. Ya sami dubban matasa masu saurare, cikinsu har da waɗanda suka yi boko suka yayyage takardunsu, domin an ba su ilimin a matsayin hadda da baƙon harshe, ba a taɓa zama an nuna musu hujjarsa ba. Mutanen Difa sun san abin da ya biyo baya tun 2015.

Kayan aikin ba su da yawa. Jami'ar Damagaram, wadda aka kafa a 2010, take kuma ɗauke da sunan André Salifou, tana da malaman kimiyya, tafiyar awa biyu ba ta raba su da Magarya ba. Kowace lise da kwaleji na da mushen da ke koyar da ilimin rai da na ƙasa, akwai likitoci da ma'aikatan gona da na ruwa, akwai gidajen rediyon karkara da za su kai muryar har Dogo-Dogo da Sasumburum. Abin da ya rage fili ne, da lasifika, da farin bango, da madubin hangen nesa ɗan madaidaici wanda kuɗinsa bai kai na babur sabo ba. Alhazan da ke gina masallatai da rijiyoyi ba za su gaza wannan ba. Lokacinsa rani, bayan lisha, ranar da hazo ya kwanta. A gayyaci liman ya zauna a sahun gaba, a ware wa mata wurinsu, domin su ke ba yara magani, a kuma bar rabin lokacin don tambaya. Wahalar gaske tana kan mai magana, wanda zai zauna ya nemo wa kowace kalma Hausarta, ya kuma iya cewa ba a gano ba tukuna in an tambaye shi abin da ba a gano ba.

Akwai ma ranar da ta dace a sa gaba. Waɗanda suka kai shekara talatin sun tuna safiyar Laraba 29 ga Maris na 2006, da inuwar wata ta ratso Gana da Togo da Benin da Najeriya, ta rufe Katsina da Maraɗi da hantsi, ta haura Tenere zuwa Libiya, a Magarya kuma rana ta koma kamar lauje. Masana sun faɗi ranar da mintinta shekaru da yawa kafin ta zo. Da wannan lissafin suka ce ranar Litinin 2 ga Agusta na 2027 inuwar za ta bi ta Maroko da Aljeriya da Libiya da Masar, ta rufe Jidda da Makka da rana tsaka. A Magarya da Dungas wani sashe na rana ne zai kisfe, in gajimaren damina ya bari a gani, kuma ba a kallonsa da ido tsirara ko da baƙin tabarau na kasuwa, sai da gilashin da aka yi domin haka.